Gilashi, ma'aunin kauri da sikeli: sharhi kan kayan tantance alƙalamin tawada kafin a yanka masa kuɗi a Legas

Alƙalamin tawada mai tsada yakan faɗo hannun ɗan kasuwa a Legas ne a cikin tarkace. An kwashe kayan wani gida a Ikoyi ko Surulere bayan rasuwar mai shi, an haɗa agogo da maɓallan hannun riga da tsohon tabarau a leda guda, 'yan gwangwan sun saya a dunƙule, daga nan ya gangaro wajen mai sayar da agogo a Idumota ko ɗan gwal a Balogun. Wani lokaci kuma dattijon da ya yi ritaya daga banki ne zai kawo kyautar sallamar da aka ba shi shekara 30 baya, yana neman na cefane. Ko ta ina ya zo, mai saye yakan ga baƙin alƙalami mai farin tauraro a ka, ya ce Montblanc ne, ya tsaya nan. To ai sunan kamfani bai isa a yi ciniki da shi ba. Tsakanin samfurin Montblanc mai lamba 149 da mai lamba 144 akwai tazarar kuɗi mai yawa, tsakanin 149 na shekarun 1950 da na shekarun 1990 akwai wata tazarar, sannan ga jabu da ya cika gari.

Kayan aiki uku ne wannan sharhi ya duba, waɗanda ake samu wajen masu sayar da kayan gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, da wajen masu kayan 'yan gwal a cikin Eko, ko a intanet: gilashin ƙara girma mai ninki 10, ma'aunin kauri na dijital mai tsawon milimita 150, da ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Hukuncin a taƙaice shi ne gilashi ya cancanci a kashe masa kuɗi, ma'aunin kauri mai araha ya wadatar, sikeli kuwa ɗan rakiya ne. In ɗaya kaɗai aljihu zai ɗauka, gilashin za a saya.

A fara da ma'aunin kauri, domin da shi ya kamata a fara aikin, tun kafin a karanta ko harafi ɗaya a jikin alƙalami. Rubutu ana iya buga shi a kan komai, girman jiki kuwa sai an sake injin zubi. Iri biyu ne a kasuwa, na ƙarfe da na baƙar roba. Na ƙarfen ya fi daidaito, amma haƙoransa suna da kaifi, kuma robar jikin Montblanc tana ɗaukar ƙarzuwa da wuri. Wanda ya riga ya mallaki na ƙarfe sai ya manna salatif a haƙoran biyu, ya haɗe su, ya danna maɓallin sifili, sannan ya auna. Na robar yana tsayawa ne a kashi ɗaya cikin goma na milimita, kuma wannan ya ishi aikin alƙalami, ga shi ba ya tsatsa a damshin Legas. Aibin da masu arahar suka yi tarayya a kai shi ne cin batir: ko an kashe allon, cikinsa na ci gaba da jan wuta, sai a ɗauko bayan wata biyu a tarar lambobi na ƙyaftawa. Maganin kawai a riƙa zare ɗan batirin, LR44, bayan an gama aiki. Batir mai rauni kuma yakan sa lamba ta yi tsalle, don haka a rufe haƙora a tabbatar ya koma sifili kafin kowane awo.

Abin da za a auna biyu ne, tsawo da murfi a rufe, da kaurin gangar jiki a inda ta fi kumbura. A nan mutane da yawa ke yin kuskure da 149 da 146. Tsawon 149 a rufe wajen milimita 147 ne, da ƙyar yake shiga bakin ma'aunin. Shi kuma 146 na yanzu, wanda kamfanin ke kira LeGrand, bai gaza shi da komai ba sai milimita ɗaya ko biyu, ko da yake na shekarun 1970 da 1980 ya fi gajarta, wajen 142. Wato tsawo ba zai raba gardama ba. Kauri ne ke rabawa: gangar 149 wajen milimita 15, ta 146 wajen 13. A hoto ba a ganin wannan bambanci, shi ya sa dillali zai turo hoto ta WhatsApp ya rantse 149 ne, kuma ba lalle ƙarya yake nufi ba, shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Sai 145, wanda ake kira Classique ko Chopin, mai tsawon milimita 140 ko kusa, siriri. 144 ya ɗan fi shi gajarta da siranta. Ƙaramin cikinsu 114 ne, Mozart, wanda bai kai santimita 12 ba.

Bayan awo sai a duba yadda yake shan tawada, wannan ba ya buƙatar kayan aiki. 149 da 146 fistin gare su a ciki, wato ɗan famfon zuƙo tawada: ana murɗa ƙullin da ke gindi, fistin ya sauka, a tsoma bakin alƙalamin a kwalbar tawada, a murɗa baya ya zuƙo. Gangar jikinsu ba ta kwancewa daga mariƙi, wato inda yatsu ke riƙewa, kuma akwai 'yar taga kusa da zaren murfi inda ake hango tawada. Duk alƙalamin da aka rubuta wa 149 amma aka murɗe shi ya rabu biyu, aka ga kwanson tawada ko ƙaramin famfon cirewa a ciki, jabu ne, babu wata doguwar magana. 145 da 144 na zamani su ne masu kwanso ko famfon cirewa, kuma bambancinsu a murfi yake: na 145 murɗawa ake yi, na 144 fizgewa ake yi. 144 yana da siririn zoben gwal a ƙarshen mariƙi, dab da baki, wanda tawada ke ci har ya yi tsatsa; in an ga zoben ya ɓare, a rage kuɗi, amma alama ce da ake yawan gani a na asali. Akwai kuma 147, Traveller, mai ruɗa mutane: girmansa na 146 ne, ba shi da taga, in aka murɗa gindinsa sai wani ɗan maƙunshi ya zaro mai ɗaukar kwanso biyu. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka 146 ne na bogi ya sallamar da shi a banza.

Wani abin lura: akwai 144 na shekarun 1950 mai fistin, kuma ba shi da alaƙa da 144 siriri na baya-bayan nan sai lamba. A tsohon tsarin kamfanin, lambar farko daraja take nunawa, 1 ita ce Meisterstück, wato babban aji, 2 matsakaici, 3 na talaka, lambar ƙarshe kuma girman baki. Saboda haka 149 na nufin babban aji mai baki lamba 9. Masu lamba 161 zuwa 165 kuwa ba alƙaluman tawada ba ne, dangin biro da fensir ne masu jiki iri ɗaya: 164 biro ne siriri, 161 biro mai kauri, 163 da 162 masu bakin ƙwallo da tawada mai ruwa. Su ne aka fi kwaikwaya, kuma kuɗinsu daban.

Yanzu gilashi, inda aikin yake da gaske. Kasuwa cike take da masu rubutun 30x ko 60x, da 'yar fitila a gefe, cikin akwatin roba. Yawancin waɗannan lambobi ado ne. Gilashi ɗaya ne a ciki, tsakiyarsa kaɗai ke nuna abu sosai, gefe-gefe sai ya lanƙwasa layi ya sa masa bakan gizo. Ga mai duba rubutun da bai kai milimita ɗaya ba, wannan matsala ce, domin abin da ake nema shi ne tsaftar gefen harafi, gilashin kuma da kansa yake ɓata gefen. Wanda ya dace shi ne mai ninki 10 da aka haɗa gilasai uku a cikinsa, irin na masu duba lu'ulu'u, za a ga an rubuta Triplet a jikinsa. Ana iya gwada shi tun a shago: a ɗora a kan takarda mai layi, in layukan sun miƙe har gefe ba tare da launi ba, ya yi. Kalmar Triplet ma ana buga ta a kan na bogi, don haka gwajin takardar ya fi rubutun. Yadda ake riƙe shi ma yana da muhimmanci. Gilashin a manne da ido, alƙalamin a matso da shi har wajen santimita biyu da rabi, hannu biyu a jingine da juna don kada su yi rawa. Masu miƙa gilashi nesa da fuska kamar mai duba madubi ba sa ganin rabin abin da ke wurin. Fitilar jikinsa ba ta da amfani sosai a kan gwal, ƙyalli take mayarwa ido. Hasken rana daga ƙofar shago, ta gefe, ya fi nuna zurfin zane. A ajiye shi a busasshen wuri, domin damina a Legas tana sa fumfuna ta tsiro tsakanin gilasan, kuma in ta shiga ba ta fita.

Da wannan gilashi za a bi wurare huɗu. Na farko baki. A bakin Meisterstück akwai lamba 4810, tsayin dutsen Mont Blanc a mita, wadda kamfanin na Hamburg ke bugawa tun 1930. Ƙarƙashinta harafin M a cikin zanen tauraro, sai sunan kamfani, sai alamar gwal: 14C ko 14K tare da 585, ko 18C ko 18K tare da 750, na kwanan nan kuma Au585 ko Au750. Harafin C ya girmi K, don haka baki mai 14C yana nuna tsohon alƙalami. Ɗan gwal ya san waɗannan lambobi sarai, 585 da 750 kashi ne cikin dubu. A na asali zanen yana da zurfi iri ɗaya, gefensa sumul, tsagar baki ta bi tsakiya daidai har ramin numfashi, kuma inda farin launi ya haɗu da rawaya layin a tsaftace yake. A jabu za a ga rawayan ya malala ya haye iyaka, ko zanen ya yi kamar an ƙarce shi da allura. In aka ga an rubuta Iridium Point Germany a bakin da ake cewa na Montblanc ne, an gama magana, bakin ƙarfe ne na gama-gari. Montblanc ba ya rubuta faɗin baki a jikin bakin. 'Yar takarda yake mannawa a gangar sabon alƙalami, wadda ke ɓacewa da wuri. Saboda haka sai an gwada rubutu kafin a ce siriri ne ko matsakaici ko mai faɗi.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga 'yan uwa masu sana'ar gwal, domin hannu ya saba: kada a goga bakin alƙalami a dutsen gwaji, kada a ɗiga masa ruwan gwaji. Yawancin bakunan nan ba su kai giram ɗaya ba. Kuɗin gwal ɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin alƙalamin a raye, kuma gurza ɗaya a gefe ta isa mai tara alƙaluma ya fasa saye. A ƙarshen bakin akwai ɗan ƙwallo na ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ke taɓa takarda. A duba da gilashi a tabbatar yana nan a ɓangarorin biyu. In ɗaya ya fita, bakin ya mutu sai an kai wa ƙwararre, kuma irin wannan gyara ba a cika samunsa kusa ba. Maganaɗisu yana da ɗan amfani, amma ta fuska ɗaya: in ya ja bakin, ba gwal ba ne, in bai ja ba, bai tabbatar da komai ba, domin akwai baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa wanda maganaɗisu ba ya kamawa.

Wuri na biyu shi ne harshen da ke ƙarƙashin baki, baƙin abin nan mai tsaga-tsaga da ke kai tawada. Tsofaffin 149 da 146 harshensu na ebonait ne, wata taurararriyar roba marar ƙyalli, wadda in an duba da gilashi za a ga sawun injin yanka a jikinta. Na shekarun 1980 da ƙarshen 1970 yana da wata tsaga a kwance kusa da gaba, kamar an raba shi biyu, kuma ba karyewa ba ce, haka aka yi shi. Daga wajen farkon shekarun 1990 aka koma harshen roba na zubi, mai sirara-siraran haƙarƙari. Masu tara alƙaluma suna son na ebonait, suna kuma ƙara kuɗi a kansa, don haka ya cancanci hoto na kansa.

Na uku zoben murfi da maƙalin aljihu. A zoben tsakiya, mai faɗi a cikin ukun, ana rubuta Montblanc da Meisterstück, a 149 da 146 da yawa har da lambar samfurin. Ƙananan samfura sau da yawa ba sa ɗauke da lamba ko kaɗan, shi ya sa awo ya riga karatu. A zoben da ke riƙe da maƙali, can sama kusa da tauraro, za a ga Germany, ko W-Germany a wasu da aka yi kafin haɗewar Jamus ta 1990 da ɗan lokaci bayanta. Lambar siriyal ba ta fara ba sai wajen 1991. Kalmar Pix a ƙarƙashin maƙali ta zo ne a ƙarshen shekarun 1990. Wannan jeri yana warware rigima biyu da ake yawan yi a kasuwa. Mai saye zai ce babu siriyal, don haka jabu ne, alhali alƙalamin na 1985 ne, lokacin ba a fara ba. Mai sayarwa kuma zai nuna siriyal ya ce ga shaida, alhali masu jabu sun daɗe suna buga ta. Babu wani rumbu a buɗe da mutum zai shiga ya tantance lambar. Dabara ɗaya mai amfani ita ce a rubuta lambar a Google: masu jabu kan buga lamba guda a kan dubban alƙaluma, in ta fito a tallace-tallace barkatai, an gane.

Na huɗu gindi. A ɗan murɗa ƙullin fistin ya buɗe, a leƙa zaren da ke ciki. Na roba baƙi yana nuna kafin shekarun 1990, na tagulla kuma daga wajen lokacin zuwa yau. 149 ya fara fitowa a 1952, kuma na farkon nan jikinsu seluloid ne, wata tsohuwar irin roba, zobba biyu na gefe a murfi na azurfa ne, lambar samfurin kuma a jikin ƙullin gindi aka buga ta. In irin wannan ya faɗo hannu, a dakata da ciniki, ajinsa daban ne. Tagar tawada ma tana magana: ta 149 mai ratsi-ratsi ce, 146 na shekarun 1970 da 1980 kuwa tagarsa lumi ce, shuɗiya ko toka-toka, da baki mai launin gwal zalla.

Dalilin bin wuraren nan huɗu ɗaya bayan ɗaya shi ne a ga ko shekarunsu sun yarda da juna. Murfi mai W-Germany a kan jiki mai zaren tagulla da baki mai Au750 yana nufin an yi haɗe-haɗe. Wani lokaci ba ha'inci ba ne, kamfanin da kansa yakan sauya sassa da na zamani in an kai gyara. Wani lokaci kuma an tsinci murfi na asali ne an ɗora a kan gangar bogi. Ko wanne ne, mai saye na da haƙƙin ya sani, kuma kuɗin ba zai kai na wanda bai taɓa rabuwa da kayansa ba.

Tocilar waya ma tana cikin kayan aikin, kyauta. A shiga wuri mai duhu, a haska cikin murfi: baƙar robar Montblanc ta zamani tana bayar da ja mai duhu kamar zoɓo. In ba ta nuna ja ba, akwai tambaya. In ta nuna, a ci gaba da bincike, domin masu jabu na yanzu sun koyi wannan ma. Hasken yana kuma tona tsagewa a leɓen murfi, inda robar ta fi karyewa in an saba cusa murfin a gindi da ƙarfi. A bi leɓen da farce a hankali, farce yana jin abin da ido ya tsallake.

Sikeli bai da dogon bayani. 149 babu tawada wajen giram 32 ne, 146 wajen 25, kuma tawada cike tana ƙara giram ɗaya zuwa biyu. Amfaninsa shi ne kama jabun da aka yi da ƙarfe aka shafa masa baƙin fenti, wanda ke nauyi fiye da kima. Mutane kuwa sun ɗauka nauyi shi ne inganci. Jinhao 159 na Chana, mai kama da 149 a siffa, jikinsa ƙarfe ne, ya kusa giram 50, kuma da sunansa yake fitowa, ba ya ɓoye kansa. Matsalar tana wajen masu ɗaukar irin wannan jiki su liƙa masa tauraro. Masu arahar sikelin suna rawa in fanka na kaɗawa ko janareto na girgiza teburi, don haka a kashe fanka, a sami wuri mai lebur, a kuma sayi ɗan dutsen awo na giram 100 don saita shi. Ɗan gwal da ke da sikelinsa ba ya buƙatar wani.

Inda sikelin ya fi taka rawa shi ne Pelikan, na birnin Hanoba, mai maƙali kamar bakin tsuntsu da jiki mai ratsin kore. Jerin Souverän kamanninsu ɗaya, babu lamba a jikinsu, girma kaɗai ke raba su. M400 wajen milimita 125 zuwa 127 a rufe, M600 wajen 134, M800 wajen 142, M1000 wajen 147. M400 da M600 ba su da nauyi, ƙasa da giram 20, domin kayan fistinsu roba ne. M800, wanda ya fito a 1987, da M1000 na 1997 suna da tagulla a ciki, sai nauyi ya yi tsalle zuwa kusan giram 30 ko fiye. Tarko biyu ne a nan. M600 na kafin 1997 girmansa ɗaya da M400. Sannan bakin Pelikan murɗewa yake yi ya fita, kuma na M400 yana shiga jikin M200 mai araha, don haka bakin gwal mai 14C-585 bai isa ya mayar da alƙalami M400 ba, sai an duba zobban murfi da na gindi. Tambarin kan murfi yana taimakawa wajen shekaru: uwa da 'ya'ya biyu a sheƙa kafin 2003, ɗa guda daga nan. Lamba mai ƙarewa da 5, kamar M805, tana nufin kayan adon fari ne maimakon gwal.

Parker shi aka fi sani a tsofaffin ofisoshin Najeriya, kuma shi ya fi sauƙin sa wa shekara. Daga 1980 kamfanin yana buga harafi a gefen murfi daga kalmar QUALITYPEN, Q na nufin shekara mai ƙarewa da 0, U 1, A 2, har N 9, tare da 'yan alamomin da ke nuna rubu'in shekara. Harafin yana dawowa duk shekara goma, sai a haɗa da samfurin: Sonnet bai fito ba sai bayan 1990, don haka Q a jikinsa ba zai zama 1980 ko 1990 ba. Sonnet ɗin nan yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, har da rubutun 18K 750 a bakin ƙarfe. Parker 51 mai ɓoyayyen baki, na 1941, yana da 'yan kama da yawa, daga Parker 21 na gidansu har Hero 616. A kwance gangar a karanta abin da aka rubuta a kan bututun ƙarfen da ke rufe jakar tawada, in yana da shi. Wanda murfinsa ke murɗawa kuma yake cin kwanso sabon fitowa ne na 2021, ba tsohon ba.

Kafin a ɗauki hoto sai a gwada fistin, da ruwan leda mai sanyi a kofi. In ya zuƙa ya fitar, babu ɗigo ta gindi, lafiya lau. In ƙullin ya ƙi murɗawa, kada a tilasta. Busasshiyar tawada ce ta riƙe shi, kuma sandar cikin tana karyewa. A tsayar da bakin a cikin ruwa ya kwana, a sake ruwan, a sake gwadawa, ko da zai ɗauki kwana uku. Ban da ruwan zafi, ban da sanitaiza ko wani abu mai sinadarin barasa, suna dusashe robar har su tsaga ta. Ban da man goge ƙarfe a zobba, ruwan gwal ɗin siriri ne. Wajen gwada rubutu a tsoma baki kawai a tawadar alƙalami irin su Quink. Tawadar hatimi da tawadar allo mai ƙaro suna toshe harshe. Kada kuma a yi ƙoƙarin zare bakin 149 ko 146 da filaya, da mabuɗi na musamman ake kwance shi. Masu baje kaya a akwatin gilashi a bakin titi su sani rana tana mayar da ebonait ruwan ƙasa, seluloid kuma yana kama wuta da wuri.

A talla, ko a Jiji ko Instagram ko eBay, a rubuta samfuri, tsawo da kauri da nauyi kamar yadda aka auna, abin da ke rubuce a baki harafi da harafi, irin harshe, da duk wani aibi. Sunan da aka zana a murfi, irin na kyautar ritaya, yana rage kuɗi, kuma goge shi yana barin rami. A bar shi a faɗa. Kwali da 'yar takardar garanti suna ƙara daraja in alƙalamin ya riga ya ci jarrabawa, amma su kaɗai ba shaida ba ne, ana sayar da su daban. Ana iya ɗora gilashin nan a kan kyamarar waya a ɗauki hoton baki da zoben maƙali, kuma hoton yakan fito fes fiye da na zuƙowar wayar.

Inda kayan nan uku suka gaza shi ne alƙaluman da aka yi ƙididdigaggu, irin jerin marubuta da jerin masu ɗaukar nauyin fasaha da Montblanc ya fara a 1992, masu lamba biyu da karan tsaye a tsakani, ta biyun sau da yawa 4810. Kowanne da girmansa da adonsa, babu awo guda da za a riƙe, kuma jabunsu yana da kyau ƙwarai a ido. Haka masu jikin azurfa ko ruwan gwal na jerin Solitaire, waɗanda nauyinsu ya saɓa wa duk lambobin da aka kawo a sama. Irin waɗannan sai a kwatanta da hotunan kundin kamfanin sashe da sashe, a nemi alamar 925 a kan na azurfa, in kuɗin da ake magana ya yi nauyi kuma a bi ta wakilin kamfanin a aika a duba kafin a karɓi ko sisi daga hannun mai saye.